Masu Mayar da Lissafi Abin Gani

Ranar awon yara, a kowane asibitin sha-ka-tafi na arewacin jihar Kaduna, ko a Gubuchi ta ƙaramar hukumar Makarfi ko a ƙauyukan Ikara da Kudan, da wuya a rasa abubuwa uku a kan teburin malamar asibiti: kwalbar rigakafi, da katin awo, da siririn ma'aunin damtse mai launi uku. Ba wanda ke yi musu kallo na biyu. Amma kowannensu aikin gwanaye ne a wata sana'a da ba mu cika yaba mata ba, sana'ar ɗaukar alƙaluma a mayar da su abin da ido zai karanta tun kafin mutum ya fara lissafi. Gwanin wannan sana'a sai ya san halin ido tukuna, ya san inda yake da kaifi da inda yake da rauni, sannan ya ɗora hukunci a kan kaifin.

A can cikin ido akwai ƙwayoyi iri uku masu karɓar launi, kowane iri da hasken da ya fi ji, ƙwaƙwalwa kuma ita ke gwama saƙonninsu ta fitar da abin da muke kira ja ko kore. Kusan duk aikin gani gwamawa ne. Shi ya sa ido ba ya iya riƙe ainihin duhun launi a ka, amma idan aka jera masa abu biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗan bambanci kaɗan ba ya kuɓuce masa. Mai sayen mazarƙwaila a kasuwar Makarfi ya san haka: ba ya dogara da tunanin wadda ya gani jiya, ɗaukar biyu yake yi ya haɗa su a tafin hannu, nan take ya ga wadda ta fi duhu.

A kan wannan hali aka gina alamar da ke jikin kwalbar rigakafi, kuma a ganina babu zanen da ya fi ta wayo a duk harkar lafiya. Rigakafi yana son sanyi, yawancinsa tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ɗigon shan-inna ya fi kowanne saurin lalacewa da zafi. Kwalba tana iya barin ma'ajiyar sanyi lafiya lau, ta kwana inda wuta ta ɗauke, ta yini a akwatin sanyi a bayan babur cikin zafin bazara. Wa zai ba da labarin zafin da ta sha a hanya? Tun 1996 aka fara manna wa kwalaben ɗigon shan-inna wata 'yar da'ira mai ɗan duhu, a tsakiyarta kuma ɗan fili mai kusurwa huɗu, mai haske. Launin da'irar ba ya canzawa. Na tsakiyan kuwa sinadari ne da ke ƙara duhu gwargwadon zafin da ya taru masa, kuma in ya yi duhu ba ya komawa. Muddin na ciki ya fi na waje haske, a ba yaro. Da zarar sun saje, ko na ciki ya fi duhu, a jefar.

Dubi abin da aka sauke wa ma'aikaci a nan. Ba a ce ya haddace wani launi ba, ba a ce ya nemo takardar gwadawa daga aljihu ba. Ma'aunin yana kewaye da abin aunawa, haske ɗaya ke dukansu, ko a rana tsaka, ko cikin ƙurar hunturu, ko a zaure mai duhu da fitilar waya. Ido kuwa ba abin da ya fi saurin kamawa kamar iyaka tsakanin haske da duhu, don haka tambayar ta koma guda ɗaya: ana ganin iyakar ko ta ɓace? Dubban 'yan mata da suka bi gida-gida da ɗigon shan-inna, har aka kai ga tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020, da wannan alama suka yi aiki.

Katin awo kuwa a Nijeriya aka haife shi. Likitan yara David Morley, mutumin Ingila, ya yi aiki daga 1956 zuwa 1961 a asibitin Wesley Guild na Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile, a jihar Osun ta yau. A can ya tsara katin da aka yi wa laƙabi da hanyar lafiya, wanda daga baya ya bazu a ƙasashe masu yawa. Nauyi yana hawa a gefen katin, watanni suna jere a ƙasa, ga layuka biyu masu lanƙwasa sun bar hanya a tsakaninsu. Duk awo ɗigo ɗaya, sai a haɗa shi da na watan jiya. Kilo bakwai shi kaɗai bai faɗi komai ba, amma layin da ke hawa, ko ya kwanta, ko ya sunkuya, ko wadda ba ta taɓa shiga aji ba, za ta gane shi. Morley ya ƙara wata dabara da nake jin ta fi sauran nuna cewa ya zauna da mutane: a gidajen da ke ƙasan katin ana rubuta sunayen watanni tun daga watan haihuwar yaron, don kada malama ta tsaya ƙirga watanninsa kowane zuwa alhali layin iyaye ya kai bakin ƙofa. Ya kuma dage cewa katin ya zauna a hannun uwa.

Sai a 1984 masana biyu a Amurka, William Cleveland da Robert McGill, suka gwada mutane suka jera yadda ido ke auna abubuwa. Ya fi daidai wajen gane matsayin ɗigo a kan ma'auni guda, sannan tsawo da karkata, sannan faɗin fili, launi kuma yana can ƙasa. Katin Imesi-Ile ya riga ya ɗora nauyin yaro a kan matakin farko fiye da shekara ashirin kafin nan.

To, in launi ba ya auna yawa, ina amfaninsa? Amfaninsa rabawa da kira. Abu ja guda ɗaya a cikin korra ɗari, ido yana cafke shi ba tare da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan ne aikin ma'aunin damtse, wanda likita Adnan Shakir na Iraƙi ya bayyana tare da Morley a 1974. Kaurin damtsen yaro ba ya canzawa sosai tsakanin shekara ɗaya da biyar, don haka ko ba a san ranar haihuwa ba ana iya awo. A ƙa'idar da ake bi yanzu ga yara 'yan wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, a kai asibiti yau. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa ne, a sa ido a gyara abinci. Daga 12.5 zuwa sama kore ne. Launi uku, hukunci uku, ba a ƙara na huɗu don ado ba.

Akwai tarko a ja da kore, domin su ne launukan da suka fi rikita masu matsalar bambance launi. Ana gadon matsalar ta wajen uwa, ta fi kama maza, kimanin ɗaya cikin 12 a tsakanin Turawa, a Afirka kuma ƙasa da haka, amma akwai su a kowane gari. Ma'aunin ya tsallake tarkon. Ja kullum yana ɓangaren da damtse ya fi siranta, ruwan ɗorawa da ya fi su duka haske ya shiga tsakani ya raba su, ga alƙaluma a rubuce, ga kibiya tana nuna inda za a karanta. Wanda launi ya ɓace masa, matsayi zai faɗa masa. Ina fata masu haɗa rahoto a kwamfuta, waɗanda ke zuba launi goma a taswira ɗaya don kawai manhajar ta ba su, su riƙa ajiye ɗaya daga cikin ma'aunan nan a kusa da su.

Babbar shaidar ingancin zanen ta fito ne daga Mirriya, a jihar Damagaram ta Nijar. A farkon shekarun 2010 ƙungiyar ALIMA da takwararta ta Nijar, BEFEN, suka koya wa iyaye mata auna 'ya'yansu da kansu. Aka tarar suna raba yara zuwa launukan nan kusan daidai da ma'aikatan lafiya na ƙauye, kuma suna kawo yaro da wuri tun ciwo bai ci ƙarfinsa ba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, har da arewacin Nijeriya. Abu ɗaya ake haɗa musu da shi a wajen koyarwa, domin ma'aunin ba ya kama tamowa mai kumburi: a danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in gurbin yatsan ya zauna a duka biyun, a tafi asibiti ko da damtse ya nuna kore.