Jinjina ga Masu Alkimiya

Masu alkimiya na Turai sun cancanci jinjina, ko da burinsu na mayar da darma zinariya bai cika ba. Ƙarafa bakwai suka sani, kowanne suka ɗaura shi da wani abu na sama. Zinariya rana ce, da'ira da ɗigo a tsakiya. Azurfa jinjirin wata. Baƙin ƙarfe ya samu alamar tauraron Mirrihi, da'ira da kibiya, jan ƙarfe kuwa ta tauraruwa Zahra. Da wannan zane, mai narka ƙarfe a Jamus kan gane rubutun takwaransa na Italiya. Aikin haƙuri ne, cikin hayaƙi da tururin zaiba mai guba. Sai wajen 1813 Berzelius, ɗan Suwidin, ya kawo haruffa, zinariya ta koma Au.