4.3 Sharhi a Kan Teburin Karatu a Ɗakunan Kwanan Ɗalibai a Ƙasar Gumel

4.3.1 Shimfiɗa

A wannan sashe za a yi sharhi a kan teburin da ake tanadar wa ɗalibi a ɗakin kwana, a auna shi da ma'auni guda, wato ko an dubi mai amfani da shi kafin a ƙera shi. Ƙasar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta dace da wannan nazari domin ta san hanyoyin zaman karatu iri biyu. Akwai na tsangaya, wanda ya yi jijiya tun zamanin da masarautar Mangawa take hulɗa da Barno, akwai kuma na boko, wanda ya zo da tebur da benci, ya bunƙasa a makarantun kwana da Kwalejin Ilimi ta Gumel, musamman bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a shekarar 1991.

4.3.2 Allo a Matsayin Ma'auni

Kafin zuwan tebur, allo ne abin rubutu kuma shi ne abin ɗora rubutu. Masassaƙi yakan fafe shi daga itace mai ƙwari kamar aduwa, ya yi masa mariƙi a sama, ya kuma yi wa gindinsa lanƙwasa yadda zai zauna daidai a kan cinya. Girmansa yana bin girman mai shi: kolo da ɗan ƙaramin allonsa, gardi da babba. Mai karatu ne yake karkata shi gwargwadon ganinsa da hasken da yake gabansa, ko na rana ko na wutar kara da dare. In an tashi, sai a jingine shi a bango, wuri ya koma na kwana. Wannan ƙira ta samu ne daga doguwar lura, domin masassaƙin yana zaune cikin masu saye, yana ganin yadda suke riƙo, kuma duk allon da bai yi daɗin hannu ba a kasuwa zai kwana.

4.3.3 Naƙasun Teburin Kwangila

Teburin ɗakin kwana kuwa ta hanyar kwangila yake zuwa. Mai ba da aiki yana ofis, kafinta ko mai walda yana shagonsa, ɗalibin da zai zauna kuma ba ya cikin cinikin. Daga nan ne naƙasu uku suke tasowa.

Na farko shi ne awo guda ga kowa. Masana fasalin jiki sun daidaita a kan cewa kujera ta kai tsayin bayan gwiwa yadda tafin ƙafa zai taka ƙasa, tebur kuma ya kai kusan tsayin gwiwar hannu idan an zauna. Saboda haka ne ƙa'idar duniya ta ISO 5970, ta shekarar 1979, ta kasa kayan zaman makaranta zuwa girma daban-daban bisa tsayin ɗalibai. In aka yi watsi da wannan, gajere zai ɗaga kafaɗa ƙafarsa tana lilo, dogo kuma ya duƙa har wuya da gadon baya su gaji. Ɗalibin da ya gaji da zama gado zai koma da littafinsa, kuma karatun kwance ƙanin barci ne.

Na biyu shi ne shimfiɗaɗɗen saman tebur. Mandal (1981), wani likita ɗan ƙasar Denmak, ya nuna cewa gajeren tebur mai shimfiɗaɗɗen sama yana tilasta wa mai karatu sunkuyawa, don haka ya ba da shawarar a ɗaga teburin a kuma karkata samansa. Abin lura shi ne wannan karkata da likitan ya nema, almajiri ya daɗe da samunta a allonsa.

Na uku shi ne rashin duba muhalli. Ɗakin kwana wuri ne na mutane da yawa, da gadaje masu hawa biyu da akwatuna da bokitai, sannan ana bukatar filin shimfiɗa sallaya. Tebur mai faɗi da ba ya naɗuwa yakan koma ma'ajiyar kwanuka. Bugu da ƙari, yankin yana da zafi mai tsanani daga Maris zuwa Mayu, da ƙurar hunturu, ga kuma gara mai cin katako maras ƙwari. Tebur maras aljihu mai rufi bai kare littafi daga ƙura ba, wanda kuma ba shi da gurbin fitilar caji bai amfani mai karatun dare idan an ɗauke wuta.

4.3.4 Iyakar Kwatancin

Adalci ne a faɗi cewa allo ma yana da nasa rauni. Doguwar tanƙwashe ƙafa a tabarma tana sa ƙafa ta sage, kuma cinya ba ta ɗaukar ƙamus da littafin rubutu da kwamfuta a lokaci guda. Ɗalibin kwaleji yana bukatar tebur. Abin koyi a wurin masassaƙi shi ne hanyarsa ta fara duban mutum kafin ya ɗauki gizago.

Haka kuma, tambayar ɗalibai kaɗai ba ta wadatar. In aka raba takardar tambayoyi, ɗalibi yakan zaɓi irin teburin da ya gani a ofis, domin a wurinsa shi ne alamar girma, kunya kuma takan hana shi faɗin cewa a ƙasa ya fi son karatu. Robert Propst, wanda ya tsara wa kamfanin Herman Miller na Amurka kayan ofis a shekarun 1960, ya dogara ne da lura da yadda ma'aikata suke aiki a zahiri. Don haka wajibi ne a haɗa tambaya da awon jiki da kuma zama a ɗakin a ga abin da ake yi. A ɓangaren mata kuwa, mace ce ya kamata ta yi awon da hirar, in ana son amsa ta gaskiya.

4.3.5 Naɗewa

A taƙaice, laifin teburin ɗakin kwana ya faro ne tun kafin a buga ƙusa ta farko, lokacin da aka yanke awonsa ba tare da an ga mai zama ba. Maganin kuwa bai fi ƙarfin kafintocin Gumel da Maigatari ba: a ƙera samfuri biyu ko uku masu tsayi daban-daban, masu saman da yake karkata kuma yake naɗuwa a jikin bango, a ba ɗalibai su yi zango guda suna amfani da su, sannan a gyara kafin a ba da babbar kwangila. Kuɗin gwajin kaɗan ne idan aka kwatanta da asarar teburan da za a jibge a lungu. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sashe na gaba za a dubi sunayen da ɗalibai suke kiran waɗannan kayayyaki da su.