Jinjina ga Masu Facin Tamfol

Iskar hunturu ba ta raga wa tamfol mai raga, irin wanda ake buga talla a kai a rataya jikin bene. Ƙofofinsa na barin iska ta wuce, amma bakinsa, wajen zoben igiya, nan yake fara yagewa.

Tsaya ka ga mai faci. Zai wanke wurin, ya yanko ƙyalle daga tsohon tamfol, ya liƙa ta baya da gam ko iska mai zafi, don robar PVC narkewa take ta haɗe. Ni dai inda ya fi burge ni shi ne daidaita rubutu: harafin da ya rabe biyu ya koma ɗaya, ba karkata. Sannan ya ninke baki, ya buga sabon zobe. Sannu da aiki, maigida!