Indiana Jones da buhun da aka sauke a zaurenmu



Daren Juma'ar da ta wuce, bayan isha'i, mun shiga gida muka tarar da yara sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, har uwarsu tana leƙe ta bayansu. Muka ce, me ake kallo haka da ba a amsa sallama? Da muka duba, sai ga mutumin nan mai malafa da bulala ya sheƙa da gudu, ƙaton dutse na mirginowa a bayansa. Wallahi sai da muka jawo kujera. Wannan fim mun fara ganinsa ne a wani gidan kallo a Jalingo, a kaset ɗin bidiyo, muna samari, tun garin yana cikin jihar Gongola, kafin a yanke Taraba a 1991. Yau ga autanmu, wanda bai taɓa riƙe kaset ba, ya ɗauke numfashi daidai inda muka ɗauke namu.

Sunan fim ɗin Raiders of the Lost Ark, ya fito a Amurka a 1981. Steven Spielberg ne ya ba da umarni, George Lucas na cikin waɗanda suka ƙago labarin, Harrison Ford kuma shi ne jarumin, Indiana Jones. An kashe masa kimanin dala miliyan 20, ya dawo da sama da miliyan 300. An yi wasu huɗu bayansa, a 1984 da 1989 da 2008 da 2023. A na 1984 ne Amrish Puri, wanda masu kallon Indiya suka sani sarai, ya fito a mugu. Amma na farkon nan shi ne bai tsufa ba.

Labarin bai da wuya. A 1936, gwamnatin Amurka ta ji cewa mutanen Hitila suna tono a Masar suna neman akwatin nan na Bani Isra'ila, sai ta tura Jones, malamin jami'a masanin tona kayan tarihi, ya riga su. Shi ke nan, sai gudu da faɗa har ƙarshe.

To me ya sa ya kama mu, ya kama 'ya'yanmu? Na farko, aktan nan ana dukansa. A gidan kallo mun saba da akta mai kashe mutum hamsin rigarsa ba ta yi ƙura ba. Shi kuwa Jones ana naushinsa ya faɗi, ana ƙwace abin da ya sha wahala a kai, ga shi da tsoron maciji kamar kowa. Mutum irin wannan kana iya jin tsoro dominsa.

Na biyu, ba sai kana jin Turanci ba. Mu lokacin ba ma jin ko rabin abin da ake faɗa, amma babu abin da ya wuce mu. Dubi wurin da yake tsaye gaban gunkin zinare, ya ɗaga jakar yashi yana auna ta da hannu, ya ɗebe kaɗan ya zubar. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mudu ko sikeli ya san abin da ke ransa, ya kuma san awon hannu yana yaudara. Ko wurin da mai takobi ya tsaya a kasuwar Alƙahira yana wasa da ita, Jones ya gaji, ya zaro bindiga. Ko birin nan da ya ci dabinon da aka sa wa guba. Ido kawai ake buƙata. Sannan mutane ne na gaske suke tsalle, mota ce ta gaske ke jan mutum a ƙasa. Yaran yau da suka saba da aikin kwamfuta suna jin bambancin ko ba su iya faɗarsa ba.

Na uku shi ne ƙarshen fim ɗin, kuma a nan ne ya fi 'yan'uwansa. Akwatin da ake nema ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne Tabutun da aka ambata a Suratul Baƙara, aya ta 248, cikin ƙissar Ɗalutu. Maƙwabtanmu Kirista suna kiransa akwatin alkawari. Siffarsa da abin da ya fito daga cikinsa a fim, wannan ƙagen masu fim ne, kada yaro ya ɗauke shi tafsiri. Amma ku lura da yadda aka ƙare. Jarumin ba da ƙarfinsa ya ci nasara ba, yana ɗaure ne a jikin turke. Waɗanda suka buɗe akwatin don neman mulki suka halaka. Shi abin da ya cece shi, rufe ido ya yi. Mutumin da sana'arsa ce tono da leƙe ya gane cewa akwai abin da ba nasa ba ne ya gani. Ba kasafai fim ɗin faɗa ke kaiwa nan ba.

Sai dai, jama'a, wannan ladabin da Jones ya yi wa Tabutu bai yi wa gunkin zinaren nan na farkon fim ba. Wannan gunki yana da masu shi, suna raye, suna nan a dajin da kibansu. Sun ɗana tarko ne don kada a ɗauka. Jones ya shiga ya ɗauka, abokin gabarsa Belloq ya ƙwace, fim ɗin kuma ya sa muna jin haushin Belloq kamar Jones ne mai kaya. Ɓarawo ya yi wa ɓarawo fashi, mu muna tafa wa na farkon. Haka mutanen Masar: ƙasarsu ce ake tonawa, amma yawancinsu a fim 'yan haƙa ne da 'yan dako da masu ihu a kasuwa. Babu wanda aka tambaya ko akwatin zai iya fita.

Muna samari ba mu ga wannan ba. Abin da ya buɗe mana ido wani buhu ne. A waɗannan shekarun wani dillali ya sauka a zauren mahaifinmu nan Sunkani, ya kwana biyu, yana da buhu ɗaure da ba ya bari a taɓa. Rana ta biyu muka ga abin da ke ciki: sassaƙen itace ne guda uku, dogaye, masu siraran hannuwa, irin na Mumuye. Ya ce zai haura da su Kamaru, akwai mai saye. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya tambaye shi, "Masu su ne suka sayar maka?" Mutumin ya yi dariya ya ce, "Malam, ai gumaka ne, raba su da su ma lada ne." Tsohon bai ƙara magana ba, amma bai sake ba shi masauki ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1960, lokacin yaƙin basasa, sassaƙen Mumuye suka fara kwarara zuwa Turai, akasari ta Kamaru, yau suna gidajen tarihi a Paris da New York. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara dubu biyu, an yi ta tono su ba bisa ƙa'ida ba a shekarun 1990, tare da irinsu na yankin Sakkwato da Katsina, har a 2000 aka sa su cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari. A shekarar ce aka baje wasu na Nok a gidan tarihi na Louvre, sai daga baya Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne. Tagullar Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, sai a 2022 Jamus ta fara mayar da nata. Gaskiya kuma ɗaci gare ta: a wannan fatauci, daga nan har Abidjan, Hausawa na cikin manyan dillalai. Bature bai san hanyar ƙauyukan Zing da Yorro ba, wani ne ya sani. Ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hujjar dillalin nan ba ta tsaya ko ta ina ba. In gunki ne, hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim ya haramta cinikin gumaka, to kuɗin na mene ne? In kuma ɗauka aka yi ba da yardar mai shi ba, dukiyar maƙwabci ce, addininsa bai halatta maka ita ba. Dokar ƙasa ma, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi a 1979, ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ga wakilin da aka amince da shi. Mu da iyayenmu suka zo fatauci aka ba su wurin zama a tsakanin Fulani da Mumuye da Jukun Kona, amana ce jarinmu. Ku ɗauka wani ya shigo masallacinmu ya ɗauke Alƙur'anin hannu na kakanmu ya ce a Landan za a fi kula da shi. Za mu kira shi jarumi?

Ba mu ce a hana yara kallo ba. Fim ne da aka yi da gwaninta, mu ma mun zauna har ƙarshe. Sai dai akwai shan giya a ciki, akwai wurin da bai kamata ƙanana su gani ba, musamman narkewar fuskoki a ƙarshe, don haka babba ya zauna kusa. Da aka gama a daren nan, aka tura akwatin cikin ƙaton sito tsakanin dubban akwatuna, muka tambayi yaran, "Gunkin zinaren nan, na waye?" Babban ya ce na Jones. Na biye ya ce na Belloq, tunda shi ya ƙwace. Autan ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ba na masu kiban nan ba ne?"

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya tsare mana amanar maƙwabta. Wassalam.