Kuɗin jure zafi: ƙungiyoyin ƙwadago sun manta da wa?

Ka lura da abin da ƙungiyoyin ƙwadago irin su ITUC suka fi nacewa a kai a tarukan sauyin yanayi: kada mai haƙar kwal ya rasa abinci idan an rufe mahaƙa. Da gaskiyarsu. Amma fa a 2019 hukumar ILO ta yi hasashen cewa zuwa 2030 zafi zai cinye lokacin aiki daidai da na ma'aikata miliyan 80, kuma manoma da leburorin gini ne za su fi shan wuya. Yawancinsu ko katin ƙungiya ba su da shi. To, dala biliyan 300 a shekara da aka yi alkawari a Baku a 2024, wa zai tsaya musu a ware kuɗin rumfa, ruwan sha da hutun tsakar rana daga ciki?