Mai Riƙe Sirrin Aljihunka Kada Ya Zama Dillalin Bashi

Wani sabon yayi ya shigo harkar tattalin kuɗi: manhajar waya mai ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka ba ta damar leƙa asusunka na banki, ta karanta shige da ficen kuɗinka, ta kasa su kashi-kashi, sannan ku yi hira kamar da mutum. Ka tambaye ta ina albashin watan jiya ya shige, ta lissafa maka abin da ya tafi a cefane, da man fetur, da data, da kati, ta kuma ba ka shawarar inda za ka rage. A cikin masu ƙera irin waɗannan manhajoji akwai wani rukuni da ke tallata kansa da alkawari guda, wato bayananka ba za su bar wayarka ba, ko kuma in sun bari, kamfanin kansa ba zai iya karanta su ba. Ina goyon bayan wannan rukuni da zuciya ɗaya, kuma a ganina duk manhajar da ba ta cika wannan alkawari ba bai kamata a ba ta ko alat ɗaya ta karanta ba.

Dalilina shi ne babu takardar da ke tona mutum kamar bayanin asusunsa. A ciki za a ga asibitin da yake zuwa da kantin maganin da yake saye duk wata, a ga wanda yake tura wa kuɗi a ɓoye, a ga ranar da albashi ya ƙare ya fara rance, a ga garin da ya kwana. Kamfanoni kan ce sun goge sunaye kafin su yi amfani da bayanan, amma wannan ba kariya ba ce mai ƙwari. A 2015 mujallar Science ta buga binciken Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa na jami'ar MIT a Amurka. Sun duba sayayyar kati ta mutum miliyan 1.1 ta tsawon wata uku, babu suna babu lambar asusu, suka tarar cewa sanin wuri da ranar sayayya huɗu kacal ya isa a gane mutum 90 cikin 100.

Sai kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina: wa ke biyan wannan mataimaki? Mint ita ce manhajar kasafin kuɗi da ta fi shahara a Amurka tsawon shekaru. A lokacin kyauta ce, kuma ribarta tana fitowa ne daga tallata wa masu amfani da ita katunan bashi da makamantansu. Kamfanin Intuit ya saye ta a 2009 kan dala miliyan 170, ya rufe ta a Maris 2024, ya ce mutane su koma Credit Karma, wadda ita ma da haɗa mutane da masu ba da bashi take ci. Plaid, kamfanin da ke sada manhajoji da asusun banki, ya amince a 2021 ya biya dala miliyan 58 don kashe wata ƙara da ta zarge shi da kwasar bayanai fiye da buƙata, duk da bai amsa laifi ba. Cleo kuwa, manhajar hira da aka kafa a Landan a 2016, wadda ta yi suna da yi wa mutum tsiya in ya yi almubazzaranci, ta amince a Maris 2025 ta biya dala miliyan 17 bayan hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta zarge ta da yaudarar mutane kan yawan rancen gaggawa da za su samu da kuma wahalar da mai son daina biyan kuɗin wata-wata.

Abin da ya haɗa Mint da Cleo shi ne mai ba ka shawarar ka tsuke hannu shi ne kuma mai cin riba in ka ci bashi. Ya san daren da asusunka ya bushe, ya san kuɗin makaranta ya gabato, kuma a daidai wannan lokaci tayinsa zai bayyana a fuskar wayarka. Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wa wannan haɗari ƙarfi, domin tana magana da taushi, tana tuna abin da ka gaya mata jiya, mutum kuma yakan saki jiki da mai sauraronsa. Shugaban kamfanin OpenAI, Sam Altman, da bakinsa ya faɗa a 2025 cewa hirar da mutum ke yi da ChatGPT ba ta da kariyar doka irin wadda ke tsakanin mutum da likitansa ko lauyansa. Amma ga mutane nan suna kwafar bayanan asusunsu ɗungurungum suna liƙa wa irin waɗannan manhajoji don neman shawara.

Mu a Najeriya ba sai an ba mu labarin ƙasar waje ba. Mun ga abin da manhajojin bashi suka yi. Mutum ya ranci dubu goma, ya makara da kwana biyu, sai saƙo ya isa wayar surukinsa da maigidansa da limamin unguwarsu cewa wane ɓarawo ne. Ba wani tsafi suka yi ba, shi ya danna ya yarda su karanta lambobin da ke wayarsa. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan keta sirrin mutane, a Maris 2022 hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da irin wannan bashi a Legas, a 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobin waya da hotuna. A shekarar ne aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC. Duk wannan ci gaba ne, sai dai tara ba ta mayar wa magidanci mutuncin da aka zubar masa a gaban iyalinsa.

Abin da ya sa nake da fata shi ne fasahar yin aikin cikin sirri ta samu. Akwai ƙananan samfuran basira irin su Gemma na Google da Llama na Meta waɗanda ke iya aiki a kan kwamfutar mutum ba tare da intanet ba, wasu ma a kan waya mai ƙarfi. Akwai manhajojin kasafi irin su Actual Budget da Firefly III waɗanda tsarin rubutunsu a buɗe yake kowa ya duba, kuma mutum na iya ajiye bayanansa a na'urarsa. A wajenmu ma aikin ya fi sauƙi ta wata fuska, tunda bankuna da yawa suna turo alat ta saƙon tes, manhaja na iya karanta shi a cikin wayar ba sai ta shiga banki ba. Akwai cikas, ba na musu. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a, ƙananan Tecno da itel, ba za su ɗauki samfuri mai nauyi ba. Izinin karanta saƙon tes kuma shi ne izinin ganin lambar sirrin da banki ke turowa. Kuɗin da aka cira wajen mai POS aka kashe a kasuwa, manhaja ba ta san inda suka tafi ba sai an gaya mata. Su kansu samfuran sukan yi kuskuren lissafi suna kuma faɗarsa da tabbaci, don haka dole haɗa lambobi ya kasance a hannun tsarin lissafi na yau da kullum, ita basirar ta tsaya ga bayani da hira.

Batun cewa manhaja za ta canja ɗabi'ar kashe kuɗi kuma, a nan ne nake ganin masu talla suna zuzuta abin fiye da kima. Yawancinmu mun san inda kuɗinmu ke zurarewa, rashin sani ba shi ne ciwon ba. Abin da ke aiki shi ne mutum ya ɗaure kansa tun yana cikin natsuwa. A ƙasar Filifin, masana tattalin arziki Nava Ashraf da Dean Karlan da Wesley Yin sun gwada wani asusu da ba a cire kuɗi daga cikinsa sai ranar da mai shi ya sa ko adadin da ya ƙayyade ya cika. Sakamakon da suka buga a 2006 ya nuna bayan shekara guda ajiyar waɗanda aka yi wa tayin asusun ta zarce ta waɗanda ba a yi wa ba da kashi 81 cikin 100. Iyayenmu mata sun daɗe da gane wannan a adashi: zubi ya zama dole domin akwai ranar kwasa kuma akwai kunyar uwar adashi. Mataimakin da zai amfane ka shi ne wanda zai taya ka ware ajiya ranar da kuɗi suka shigo, ya tuna maka alkawarin da kai ka ɗauka, ya sa ɗan jinkiri tsakanin sha'awa da taransifa. Jadawali mai launi a ƙarshen wata ba ya hana kowa sayen abin da ya riga ya saya.

Akwai kuma abin da nake jin tsoro in aka kwaso mana waɗannan manhajoji yadda aka ƙera su don ma'aikacin Landan. Kuɗin da Bahaushe ke tura wa mahaifiyarsa a ƙauye, da gudummawar biki da suna, da kuɗin makarantar ɗan ƙaninsa, da zakka, manhajar da ba ta san mu ba za ta jera su a layin abin da za a yanke. Wasu daga cikinsu wajibi ne, wasu zumunci ne da shi kansa zai ci moriyarsa ranar da ya shiga matsi. Gaskiya ne akwai ɓarna a bukukuwanmu, kuma wani anko bai cancanci a ci bashi dominsa ba, amma mai gidan ne zai tantance wanne ne wanne. Sirrin ma ba daga kamfani kaɗai ake buƙatarsa ba. Waya a gidajenmu tana yawo hannu-hannu, kuma matar da ke tara jarin sana'arta ba ta son sanarwa ta faɗo a fuskar waya tana bayyana abin da ta ajiye.

Don haka matasanmu masu rubuta manhajoji a Kano da Kaduna da Abuja, ku gina mana wadda ke jin Hausa da murya, mai aiki a ƙaramar waya, wadda za mu biya kuɗinta kai tsaye mu san ba a sayar da mu ba. Kai kuma mai karatu, kafin ka danna amincewa, bincika inda bayananka za su zauna, ko za ka iya goge su gaba ɗaya, da kuma ta inda kamfanin ke samun riba. In ka tarar yana ba da rance ko yana karɓar la'ada daga masu ba da rance, cire manhajar daga wayarka.