Ba a Fara Karatu da Muhtasar: Nazari Kan Al'adar Zaɓa wa Juna Littafin Hikaya

A zauren malam, ɗalibi ba ya zaɓa wa kansa littafi. In ya sauke Alƙur'ani ya zo neman ilimi, malam ne zai dube shi ya ce ya ɗauko Ƙawa'idi. Daga nan sai Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, kafin a doshi Askari da Muhtasar, wanda ko manyan malamai sai sun gyara zama kafin su buɗe shi. Ba wata hukuma da ta zartar da wannan tsari, amma daga Sakkwato har Damagaram shi ake bi, domin an gwada shi a kan ɗalibai ba adadi an ga yana kai mutum inda za shi. Wanda ya yi tsalle ya rungumi Muhtasar tun bai iya Ahalari ba, ba a kiransa gwarzo. Jira kawai ake yi a ga ranar da zai ajiye littafin ya koma kasuwa.

Karatun hikaya bai taɓa samun irin wannan tsani ba. Ba shi da malami, ba shi da ijaza. Baki kawai yake da shi: wance ta karanta ta gaya wa wance. Da haka Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya shiga gidaje daga 1990, da haka In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya mamaye gari a shekarar da ta biyo. Ba yabon masana ne ya sayar da su ba, domin a lokacin wasu masanan raini suka yi wa irin waɗannan littattafai, suka laƙaba musu "adabin kasuwar Kano". Masu ba da hayar littafi ne suka yi aikin, da amaren da ke zaman kulle, da 'yan makarantar kwana da kwafi ɗaya kan zaga ɗakinsu har bangonsa ya fita. Yau hirar ta koma cikin waya, amma tambayoyin ba su sake ba, guda biyu ne: "Me kike karantawa?" da "Me zan karanta?"

Kamar Hassan da Usaini suke a ido, amma kama da wane ba ta wane. Ta farko gaisuwa ce, kuma amsarta takan zo da ɗan kwalliya. Kowa na son a ji yana riƙe da babban littafi, ko da tun watan azumi yana shafi na talatin. Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. Wani malamin adabi Bafaranshe, Pierre Bayard, ya rubuta littafi sukutum a 2007 a kan yadda mutane ke tattauna littattafan da ba su karanta ba. Wannan kwalliya ba ta cutar da kowa. Ta biyun kuwa amana ce, domin mai tambayar ya miƙa maka lokacinsa da kuɗinsa, wani lokaci har da ƙarfin zuciyarsa. Ɓarnar tana faruwa ne sa'ad da aka ɗauki amsar tambaya ta farko aka miƙa wa mai tambaya ta biyu, wato a ambaci littafin da zai ƙara wa mai ba da shawara ƙima maimakon wanda mai nema zai iya kai wa ƙarshe.

Babu inda wannan aibi ya fi fitowa fili kamar wajen mai koyon Faransanci. Irin waɗannan masu koyo suna da yawa a cikinmu. Akwai ɗan kasuwar Katsina da ke hulɗa da Maraɗi da Kwatano. Akwai ɗalibar jami'a da aka tura ƙauyen koyon Faransanci na Badagiri, wanda aka kafa a 1991, ko wadda ta shiga fannin bayan Janar Abacha ya yi shelar ɗaukaka matsayin harshen a Nijeriya a 1996. Akwai kuma ɗan Nijar da ya yi lakwal, ya iya amsa wa mushe tambaya a aji, amma bai taɓa gama littafin labari don jin daɗin kansa ba. Duk wanda cikinsu ya ce "wane littafi zan fara da shi?", kusan amsa ɗaya zai samu, a Kano ne ko a London: Le Petit Prince, wato Ƙaramin Ɗan Sarki.

Na daɗe ina jayayya da wannan amsa. Littafin Antoine de Saint-Exupéry, wanda aka fara bugawa a New York a 1943, ƙarami ne, babi 27 ne gajeru, ga zane-zane na marubucin da kansa. Shi ya sa ake zaton na yara ne, kuma na yara ai mai sauƙi ne. To amma ƙanƙantar barkono ba ta hana shi yaji. Labarin yana tafiya ne da sigar aikatau da Faransawa ke kira passé simple, wadda a rubutu kawai take rayuwa. Ba mai sayar da tumatir a kasuwar Yamai da zai yi maka magana da ita, kuma ajin farko ba a koyar da ita. Sannan littafin zaurance ne daga farko har ƙarshe. Fure ba fure ba ne, sarki ba sarki ba ne. Mai koyo yana kokawa da kalma, ga shi kuma an ɗora masa kokawa da ma'anar da ke bayan kalmar. Bahaushe ma yana da nasa ƙarin mamaki: a wannan littafi itacen kuka annoba ce da ake tumɓukewa tun tana tsiro don kada ta tarwatsa duniyar yaron. Mu da muka girma da miyarta sai mu yi ta juya maganar.

Na biyu a jerin shawarwarin da aka saba shi ne L'Étranger na Albert Camus, na 1942, kuma hujjar masu ba da shi ta fi ƙarfi. Jimlolinsa gajeru ne, an kuma rubuta shi da passé composé, sigar da ake hira da ita kullum. Ta fuskar nahawu babu laifi. Sai dai labarin mutum ne da mahaifiyarsa ta rasu bai zubar da hawaye ba, ya harbe Balarabe a bakin teku, marubucin bai ko ba mamacin suna ba. Mai karatu zai gane kowace jimla ya rufe littafin yana tambayar kansa me aka ce. Na uku, Le Petit Nicolas na Goscinny da Sempé, ya fi su duka dacewa da mafari, amma dariyarsa ta makarantar Faransa ce ta shekarun 1950, kuma barkwancin da sai an yi maka bayaninsa ya riga ya huce.

Masana koyon harshe sun auna wannan matsala. Binciken da Paul Nation na New Zealand ya yi da abokiyar aikinsa Hu a 2000 ya nuna cewa mai karatu yana bukatar ya san wajen kashi 98 cikin 100 na kalmomin labari kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. A shafi mai kalma 300, baƙin kalmomi shida ke nan. In sun kai ashirin, karatu ya zama noman rani, ƙamus a hannun dama, littafi a hagu. Saboda haka ne kamfanonin ɗab'i irin su Hachette da CLE International ke fitar da littattafan da aka sauƙaƙa, a jere bisa matakan ƙwarewar harshe na Turai, waɗanda suke shida, daga A1 zuwa C2. Wannan shi ne tsanin Turawa, kuma ba na raina shi. Ahalari ne, ana bi ta kansa. Illarsa ɗaya: labarin da aka tace sau uku kamar kunun da ruwa ya yi wa yawa yake, yana wucewa a maƙogwaro amma ba ya sa a nemi ƙari.

Abin da ma'aunin kalmomi ba ya kamawa shi ne abin da mai karatu ya shigo da shi daga gida. Kalmar da ba ka sani ba, in ka san ɗakin da ake faɗinta, za ka cinko ta. Ɗauki Une si longue lettre na Mariama Bâ, 'yar Senegal, wanda ya fito a 1979 ya lashe kyautar Noma a 1980. Ramatoulaye, malamar makaranta mai 'ya'ya 12, tana takaba, wata huɗu da kwana goma, tana rubuta wa aminiyarta Aïssatou doguwar wasiƙa. Mijinta Modou ya auro Binetou, ƙawar 'yarsu Daba, ya tare can ya mance da uwargida har mutuwa ta riske shi. Ga zaman makoki da masu zuwa don cin shinkafa, ga dangin miji da ke ƙirga abin da aka kawo, ga binciken gado da ya tono bashi, ga ɗan'uwan mamaci da ya zo ranar sadakar arba'in yana neman ya gaje matar. Ɗalibin Ingila sai an cika masa gindin shafi da bayani kafin ya gane me ake ciki. Bahaushiyar da ta karanta Balaraba Ramat kuwa ta san gidan nan lungu-lungu, ta san abin da uwar amarya za ta faɗa tun kafin ta buɗe baki. Faransancin Mariama Bâ ba na wasa ba ne, Risala ce ba Ahalari ba, amma sanin gidan yana ɗaukar mai karatu ya haye kalmomin da da sun kada shi.

Haka L'Enfant noir na Camara Laye, na 1953. Shi ma yana amfani da passé simple ɗin nan, domin ba yadda za a yi mai son hikayar Faransanci ya kauce mata har abada. Amma gara mutum ya fara haɗuwa da ita a maƙerar Kurusa ta ƙasar Gini, inda uba ke narka zinariya maroƙi na yi masa kirari, da wajen girbin shinkafa, da ɗakin 'yan kaciya, da ya haɗu da ita a wata duniyar sama. Mongo Beti na Kamaru ya soki littafin da cewa ya rufe ido ga zaluncin mulkin mallaka, kuma sukar tana da tushe. Sai dai ga mai koyo, wannan laushin nasa shi ne ribarsa. Wanda yake son zafin kuma, ga Sarraounia na Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba ta Nijar, na 1980: labarin sarauniyar Aznan Lugu, a ƙasar Dogonduci, da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Sunan littafin kansa Hausa ne.

Kada a ɗauka ina cewa duk littafin Afirka sauƙi ne da shi. Nan ma akwai rami. Les Soleils des indépendances na Ahmadou Kourouma, na 1968, duniyarsa tamu ce, basarake ne da 'yancin kai ya mayar ɗan maula. Amma Kourouma da gangan ya lanƙwasa Faransanci ya bi karin harshen Malinke, kuma wanda bai san miƙaƙƙen ba ba zai ji daɗin lanƙwasasshen ba, ƙila ma ya kwashi kuskure yana zaton ƙa'ida ce. L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, na 1961, yana buɗewa da almajiri a gaban malaminsa, sai ka ce a tsangayar unguwarku, amma kafin tsakiya ya rikiɗe ya zama muhawarar falsafa. Waɗannan su ne Muhtasar. Kuma kusancin da nake nufi ba na taswira ba ne. La Parure, gajeren labarin Maupassant na 1884, a Paris ya faru: mace ta ari sarƙa don zuwa biki, ta ɓatar, ita da mijinta suka shekara goma suna biyan bashi. Wace mace ce a Kano ko Tawa ba ta san fargabar kayan aro ba? Ba zan faɗi ƙarshensa ba, don mai tona ƙarshen labari ya fi mai hana aron littafi laifi.

Akwai kuma lura da gidan da littafi zai shiga. Aya de Yopougon na Marguerite Abouet, labari cikin zane da ya fara fita a 2005, yana koyar da Faransancin hira fiye da kowane littafin aji, hoto na taimakon kalma, har da jerin kalmomin Abijan a ƙarshe. Amma cike yake da mashaya da cikin shege. Wanda ya miƙa wa 'yar maƙwabcinsa shi ba tare da ya faɗi haka ba, shi da uban yarinyar ne.

Ashe dai gwanin ba da shawara ba wanda ya fi kowa yawan karatu ba ne. Shi ne wanda, kamar malamin zaure, yake fara karanta mai tambayar. Yakan tambayi wane littafi mutum ya gama na ƙarshe, ko da na Hausa ne, da abin da ya hana shi barci a cikinsa. Yakan ba da littafi ɗaya, ba goma ba, domin jerin goma hanyar sauke nauyi ce. Yakan kuma ba da izinin ajiyewa. Daniel Pennac, wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantun Faransa, ya lissafa haƙƙoƙi goma na mai karatu a littafinsa Comme un roman na 1992, ciki har da haƙƙin tsallake shafi da na ƙin gama littafi. Mai koyo ya fi kowa bukatar jin wannan, domin shi in littafi ya gagare shi, kansa yake zargi, ba wanda ya zaɓa masa ba.

Wani zai ce ina amfanin wannan duka yanzu, tunda a watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta kuma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Matakin ya yi mini daɗi. Amma Mamani da Faransanci ya rubuta yaƙin Lugu, Boubou Hama ma da shi ya rubuta yawancin abin da ya tattara na tarihin ƙasar, kuma har yau da shi ake cike takardun kwastan daga Birnin Ƙonni zuwa Garwa. Don haka, mai karatu, in gobe ƙanwarka da ta shekara biyu tana koyon harshen ta ce ka zaɓa mata littafi, bar ɗan sarkin nan a kan kanta tukuna. Ba ta Mariama Bâ, ka ce ta karanta shafi ashirin ba tare da ƙamus ba, sannan ta zo ta gaya maka abin da Modou ya aikata.